Littattafan Sauraro na Tarihi, Laifuka, Kimiyya da Wasanni: Tambayoyi da Amsoshi kan Ra'ayin Masu Sauraro

Duk wanda ya buɗe manhajar littattafan sauraro zai tarar da taurari a ƙarƙashin kowane littafi, da dogon layin ra'ayoyin waɗanda suka riga shi saurara. Wani ya rantse littafin ya hana shi barci kwana uku, na ƙasa da shi ya ce bai taɓa samun maganin barci kamarsa ba, alhali littafi ɗaya suke nufi. Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini a kan wannan, musamman game da littattafan da ba ƙagaggun labarai ba: tarihi, manyan laifuka, kimiyya da wasanni. Yawancin waɗanda zan ambata da Ingilishi aka karanta su, domin kasuwar tana ci sosai a Amurka da Ingila.

Wai littafin sauraro sabon abu ne?

Ko kusa. Thomas Edison ya ƙera na'urar ɗaukar murya a 1877, kuma cikin amfanin da ya lissafa mata har da karanta wa makafi littafi. Sai a shekarun 1930 abin ya tabbata. A Amurka aka soma ɗaukar littattafai a faifan garmaho don makafi, a Ingila kuma aka fara a 1935, inda sojojin da suka rasa idanunsu a yaƙin duniya na ɗaya suka kasance cikin waɗanda aka yi abin dominsu. Da kaset ya zo, masu doguwar tafiya a mota zuwa wurin aiki suka shigo ciki. An kafa Audible, kamfanin sayar da littattafan sauraro, a 1995, Amazon ya saye shi a 2008. Yau dai waya ta haɗiye komai.

Me ya sa ra'ayoyi kan littafi ɗaya suke saɓawa haka?

Domin ba abu ɗaya ake aunawa ba. Mai karatu a takarda da marubuci kaɗai yake hulɗa. Mai sauraro kuwa da mutum biyu yake, marubuci da wanda ya ara masa murya. Akwai ma abu na uku da ba a cika faɗa ba, wato halin da mai sauraron yake ciki. Wanda ya saurari babi a kan harajin daular Rum yana maƙale a cunkoson motoci, zafi na dukansa, ba zai ba babin makin da wanda ya saurara yana kishingiɗe bayan la'asar zai ba shi ba.

Audible ya raba makinsa gida uku: na littafin gaba ɗaya, na yadda aka karanta shi, da na abin da ke cikinsa. Amma in ka bi rubutun mutane ɗaya bayan ɗaya, za ka ga galibi a kan murya suke tsayawa: tana da daɗi, tana da sanyi, tana da hanci, mai karatun yana haɗiyar yawu. Tauraro biyar yana gaya maka littafin ya shiga kunne lafiya. Ko abin da ya faɗa gaskiya ne, wannan tauraro bai sani ba. A ƙagaggen labari ba komai. A tarihi da kimiyya kuwa nan gizo ke saƙa.

Wanda ya saurara ya fahimta kamar wanda ya karanta?

An gwada. A 2016 wata malamar jami'a a Amurka, Beth Rogowsky, da abokan aikinta sun kasa mutane kashi uku. Wasu suka karanta wani sashe na littafin da ke ba da labarin gaskiya na yaƙin duniya na biyu, wasu suka saurara, wasu suka haɗa biyun. Da aka yi musu tambayoyi ba a ga bambancin a-zo-a-gani ba. A 2019 kuma masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane yayin karatu da yayin sauraro, suka tarar wuraren da ke sarrafa ma'ana kusan ɗaya ne.

Sai dai lura, duka gwaje-gwajen nan da labari aka yi su, abu mai farko da tsakiya da ƙarshe. Wani gwaji na 2010 da aka yi wa ɗalibai da rubutun darasi ya nuna akasin haka, waɗanda suka karanta sun kere waɗanda suka saurara. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ido yana komawa baya ba tare da ka sani ba, ya sake duba kalma, ya tsaya inda jimla ta yi tauri. Kunne kuwa jansa ake yi gaba kamar akuyar da za a kai kasuwa.

Mene ne babban kukan masu sauraron littattafan tarihi?

Sunaye, shekaru da taswira. A takarda, in an ambaci wani janar da ka manta, sai ka juya shafi ka neme shi. A kunne, kafin ka tuna ko wane ne, an kashe shi an naɗa wani. Littafin yaƙi mai cike da sunayen koguna da garuruwa, ba taswira a gabanka, kamar a yi maka kwatancen unguwar da ba ka taɓa zuwa ba ne cikin dare. Shi ya sa za ka ga mutane da yawa suna rubuta cewa littafin ya yi kyau amma da sun sani da na takarda suka saya.

Sai tsawo. Littafin Robert Caro na 1974 a kan Robert Moses, mutumin da ya shimfiɗa manyan tituna da gadojin New York ba tare da an taɓa zaɓensa ba, ya haura awa 60 a kunne. Na William Shirer a kan tashi da faɗuwar mulkin Hitler ya haura awa 55. Abin mamaki, irin waɗannan sukan samu maki mai yawa. Ina jin sirrin shi ne, wanda ya gaji a awa ta biyar yakan ajiye ne shiru, wanda ya kai ƙarshe shi ke dawowa ya yi rubutu, kuma mutumin da ya ba littafi wata biyu na rayuwarsa da wuya ya ce ɓata lokaci ya yi.

Tarihin da masu sauraro suka fi yabo shi ne wanda ya kama mutum ɗaya ya bi shi. Ɗauki littafin Adam Hochschild na 1998 a kan Kongo lokacin da Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam ya riƙe ta a matsayin mallakarsa, daga 1885 zuwa 1908. Ya buɗe da wani akawun kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster, Edmund Morel, yana tsaye a tashar jiragen Antwerp. Ya lura jirage na zuwa daga Kongo maƙare da roba da hauren giwa, suna komawa da bindigogi da harsasai, ba kayan ciniki ba. Nan ya gane ba saye ake yi ba, aikin tilas ne. Wannan hoton ba ya buƙatar taswira, kunne ya riƙe shi.

Amma ga inda nake jan kunne. Daɗin sauraro da ingancin tarihi ba dole su tafi tare ba. Littafin Yuval Noah Harari a kan tarihin ɗan Adam, mai kusan awa 15, yana cikin waɗanda masu sauraro suka fi yabo, domin kowane babi yana jefo babbar magana mai girgiza tunani. Masana da dama sun soki wasu daga cikin waɗannan manyan maganganu, suna cewa ya yanke hukunci inda hujja ba ta kai ba. Mai karatu a takarda aƙalla yana iya leƙa bayanan ƙarshen littafi ya ga inda marubuci ya samo zancensa. A sauti galibi ba a karanta su. Da magana mai hujja goma da wadda marubuci ya yi hasashe, murya ɗaya ce ke faɗarsu, da natsuwa iri ɗaya. An ce kunne ya girmi kaka, gaskiya ne, amma kunne ba ya tambayar isnadi sai an koya masa.

Shin kuskuren furta sunaye ya isa a rage wa littafi maki?

A wurin wanda ya san sunan, ya isa har ya yi yawa. Na taɓa jin wani mai karatu ya kira Katsina ta yadda sai da na mayar da sautin baya sau biyu kafin in gane garin da yake nufi. Daga nan na daina yarda da shi a kan sunayen Larabci da na Habasha da ban sani ba, ko da kuwa daidai yake faɗa. Irin wannan ƙorafi ya cika ra'ayoyin littattafan tarihin Afirka, Asiya da Gabas ta Tsakiya.

Akwai kuma akasinsa. Littafin Patrick Radden Keefe a kan rikicin Ailan ta Arewa, wanda ya taso daga sace Jean McConville, uwar 'ya'ya goma, a Belfast a 1972, Matthew Blaney ne ya karanta shi da karin harshen yankin. Wasu suka ce shi ya sa littafin ya yi rai, wasu suka ce sai da suka yi awa guda kafin kunnensu ya saba. Duka biyun gaskiya suka faɗa.

Marubuci ya karanta da kansa ko a ɗauko gwani?

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, in mai itan yana da murya. Tarihin rayuwar ɗan wasan barkwanci Trevor Noah shi ne misalin da kowa ke kawowa. An haife shi a Afirka ta Kudu a 1984, uba Bature ɗan Suwizalan, uwa 'yar ƙabilar Xhosa, a lokacin da doka ta haramta irin wannan haɗuwa. Yana karantawa yana sauya harshe, yana kwaikwayon mahaifiyarsa da kakarsa, abin da takarda ba za ta iya ba. Barack Obama ma ya ci kyautar Grammy sau biyu, a 2006 da 2008, da karatun littattafansa.

Matsalar tana wajen farfesan da ya shekara ashirin yana bincike amma in ya buɗe baki sai ka ce sanarwar bacewar akuya ake yi. Nan masu sauraro ba sa ragawa. Ra'ayina: tarihin rayuwa a bar wa mai shi, littafin bincike a ba gwani.

Na ga littafi ɗaya da tsawo biyu daban. Wanne zan ɗauka?

Ɗaya cikakke ne, ɗaya an taƙaita. Tarihin rayuwar Nelson Mandela na 1994 yana da taƙaitacce mai kusan awa 6 da Danny Glover ya karanta, da cikakke da ya haura awa 27 a bakin Michael Boatman. Da yawa daga cikin masu ba da tauraro ɗaya fushinsu ke nan, sun saya ba su duba ba. Duba tsawon kafin ka biya.

Me ya sa littattafan laifuka suke jan mutane haka, kuma me ake suka a kansu?

Domin su ne suka fi kama da tatsuniya cikin littattafan gaskiya: an yi ɓarna, ana neman wanda ya yi, kowane babi yana ƙarewa da tambaya. Ba ka buƙatar jadawali ko taswira. Masu sauraro sukan ce sun iso gida sun kashe mota sun zauna a ciki don babi ya ƙare.

Wannan daɗin kansa shi ake tuhuma. Wanda ya fito da wannan salo fili shi ne Truman Capote, da littafinsa na 1966 a kan kisan mutum huɗu 'yan gida ɗaya, iyalin Clutter, a ƙauyen Holcomb na jihar Kansas a Nuwamba 1959. An rataye makasan biyu a 1965. Capote ya yi iƙirarin komai na littafin gaskiya ne, amma daga baya ya tabbata cewa haɗuwar da ya rufe littafin da ita a maƙabarta ƙirƙirarta ya yi. Mai sauraron da hawaye ya zubo masa a wannan wuri, ya ba da tauraro biyar, bai yi ƙarya ba game da abin da ya ji. Abin da ya sa shi kukan ne bai faru ba.

Sukar ta biyu ita ce ana mayar da makashi tauraro, a manta da wanda aka kashe. Masu sauraro da yawa yanzu da wannan ma'auni suke auna littafi. Shi ya sa ake yabon aikin Michelle McNamara a kan wani mai fyaɗe da kisa da ya addabi Kalifoniya a shekarun 1970 da 1980, domin ta ba waɗanda abin ya shafa fili sosai. Ta rasu a Afrilu 2016 ba ta gama ba, aka ƙarasa aka fitar a Fabrairu 2018. Wata biyu bayan haka aka kama Joseph DeAngelo, tsohon ɗan sanda, ta hanyar bin sawun ƙwayoyin halittar danginsa, ya kuma amsa laifin kisan mutum 13 a 2020. Rubutun da ta bari babu sunansa a ciki. Don haka duba ranar da aka rubuta ra'ayi: wanda ya saurara kafin kamun da wanda ya saurara bayansa kamar ba littafi ɗaya suka ji ba.

Sai batun murya. Littafin David Grann na 2017 a kan kashe-kashen 'yan ƙabilar Osage a Oklahoma a shekarun 1920, bayan an samu man fetur a ƙasarsu, mutum uku suka karanta shi, kowa da kashinsa. Ka duba ra'ayoyi ka sha kallo: wannan ya ce ta farko ce ta ɓata, wancan ya ce na biyu ne ya cika wasan kwaikwayo. Gaba ɗaya dai, mai karatun da ke maƙale murya don ya kwaikwayi mace ko makashi a labarin da mutane suka mutu da gaske yana shan suka, kuma ina tare da masu sukar.

Wanda ba ya son jini, akwai laifukan kuɗi. Labarin Theranos da ɗan jarida John Carreyrou ya tona a 2015, kamfanin da ya ce zai yi gwaje-gwaje masu yawa da ɗigon jinin yatsa, ba gawa a ciki amma yana riƙe kunne. An samu shugabarsa Elizabeth Holmes da laifin zamba a Janairu 2022, aka yanke mata fiye da shekara 11.

Zan iya sa irin waɗannan a mota da yara?

A'a. A takarda ido yana tsallake sakin layi mai muni, a lasifika kuwa kafin hannunka ya kai an riga an faɗa. Sa iyafis.

Littafin kimiyya yana shiga ta kunne kuwa?

Wani yana shiga, wani sai da ido. Masanin kimiyya Stephen Hawking ya faɗa a littafinsa na 1988 cewa an gargaɗe shi kowane lissafi da ya sa zai rage masu saye da rabi, don haka ya bar guda ɗaya tak, na Einstein. In haka ne a takarda, to a kunne abin ya fi muni. Ba abin da ke kashe gwiwa kamar mai karatu yana jero lambobin jadawali layi-layi, ko ya ce ka dubi hoto na uku kana tsakiyar tuƙi. Littafin Daniel Kahneman na 2011 a kan yadda tunani ke yaudarar mutum, mai kusan awa 20, ya sha wannan ƙorafi. Yana nuna maka layuka biyu ya tambaye ka wanne ya fi tsawo, kai kuma ba ka ganin komai sai bayan motar da ke gabanka. Ana haɗa irin waɗannan littattafai da takardar hotuna da za ka sauke daban, amma mutum nawa ne ke buɗe ta? A nan kam gani ya kori ji.

Waɗanda ke samun yabo iri biyu ne. Gajeru, kamar na Neil deGrasse Tyson a kan sararin samaniya, wanda bai kai awa 4 ba kuma shi ya karanta da kansa. Masu suka suna cewa sun ji daɗi amma bayan mako ba su tuna komai ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai waɗanda suka saƙa kimiyya cikin labarin mutum, kamar na Rebecca Skloot na 2010 a kan Henrietta Lacks, baƙar fatar da aka ɗebi ƙwayoyin jikinta a asibitin Johns Hopkins a 1951 ba da saninta ba, tana fama da sankarar bakin mahaifa. Ta rasu a shekarar tana da shekara 31, ƙwayoyin kuwa suka ci gaba da hayayyafa a ɗakunan bincike, har aka yi amfani da su wajen gwajin rigakafin shan-inna. Wanda ya saurari wannan zai fahimci yadda ake renon ƙwayar halitta ba tare da ya ji kamar aji ya shiga ba.

Abin da ra'ayoyi ba sa faɗa maka shi ne kimiyya tana tsufa, sauti kuma ba a cika sabunta shi ba. Littafin Bill Bryson na 2003 yana lissafa Pluto cikin duniyoyi tara, a 2006 masana taurari suka cire ta. Kahneman da kansa ya amsa a 2017 cewa a wani babi ya dogara fiye da kima ga gwaje-gwajen da ba su da ƙarfi. Muryar da ke wayarka tana nan tana karanta babin da cikakkiyar natsuwa. Duba shekarar da aka rubuta littafin, ba shekarar da aka ɗauki sautin ba.

Na wasanni fa? Ra'ayin magoya baya abin dogaro ne?

Da ƙyar. Tarihin rayuwar koci ko ɗan wasa, rabin taurarinsa na kulob ne. Magoyin baya ya ba da biyar tun bai gama gabatarwa ba, abokin hamayya ya ba da ɗaya ko saurara bai yi ba. Wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo ranar Asabar ya san yadda ake irin wannan shari'a.

Yawancin waɗannan littattafai ma wani ne ke rubutawa, ɗan wasa ya ba da labari. Ba laifi ba ne in an faɗi gaskiya. Na Andre Agassi na 2009, wanda J.R. Moehringer ya taya shi rubutawa, yana samun yabo har daga waɗanda ba su san dokar tanis ba, domin ya fito ya ce ya tsani wasan da ya ci manyan kofuna takwas a cikinsa, ya kuma amsa cewa ya sha ƙwaya a 1997 ya yi wa hukumar wasan ƙarya. Gwada shi da littafin Lance Armstrong na 2000, wanda ya sa mutane kuka da labarin warkewarsa daga ciwon daji da cin tseren keke na Faransa. A 2012 aka ƙwace kofunansa bakwai, a Janairu 2013 ya amsa a gaban Oprah Winfrey cewa ya yi amfani da abubuwan ƙara kuzari. Duk wanda ya yabi littafin kafin nan da zuciya ɗaya ya yaba.

Littattafan dabarun wasa suna da ciwon littattafan kimiyya. Na Jonathan Wilson na 2008 yana bin yadda tsarin ƙwallon ƙafa ya tashi daga 2-3-5, ya bi ta gyaran Herbert Chapman a Arsenal bayan an sauya dokar satar gida a 1925, zuwa ranar da Hungary ta lallasa Ingila 6-3 a Wembley a 1953 da ɗan gaban da ke janyewa baya. Ilimi ne mai yawa, amma zane ne ƙashin bayansa. Wanda ya saba jin sharhin wasa a rediyo yana zana fili a kansa zai iya, wani sai ya nemi biro da takarda.

Wanda ya fi dacewa da kunne shi ne labarin gasa guda mai ƙarshe, kamar na samari tara daga Jami'ar Washington da suka ci zinare a tseren kwale-kwale a gasar Olamfik ta birnin Berlin a 1936. Karatun marigayi Edward Herrmann na wannan littafi yana cikin waɗanda masu sauraro ke ambata in ana zancen gwanaye. Ka san sun ci, amma zuciyarka sai ta buga.

Ƙara sauri yana ɓata fahimta?

Ana karanta littafi da kalma wajen 150 a minti, kuma manhajoji suna barinka ka ninka, Audible har sau uku da rabi. Ƙari kaɗan ba ya cutarwa, yana ma gyara mai karatun da ke jan jiki. Amma in ka ga wani ya rubuta cewa littafin kimiyya ya rikita shi, a ƙasa kuma ya ce da ninki biyu ya saurara yana wanke-wanke, ka san inda laifin yake. Sauri ya haifi nawa.

Muryar na'ura fa?

Apple ya fara fitar da littattafan da ƙirƙirarriyar basira ta karanta a farkon 2023, Amazon ya biyo baya. Masu sauraro sun rabu. Wasu sun ce da babu gara ba daɗi, domin akwai littattafan bincike da ba wanda zai biya mutum ya karanta su. Wasu sun ce muryar tana karanta adadin waɗanda suka mutu a yaƙi da yanayin da take karanta godiyar marubuci ga matarsa. Galibi ana rubuta cewa na'ura ce a wurin sunan mai karatu.

To wane ra'ayi zan karanta kafin in saya?

Fara da masu tauraro uku. Mai biyar yana cikin shauƙi, mai ɗaya sau da yawa da manhajar yake faɗa ko da siyasar marubucin. Mai uku shi ne zai ce maka babi huɗu na farko sun yi kyau, tsakiya ta yi nauyi, ana buƙatar taswira. Nemi ra'ayin wanda ya nuna ya san fannin, likita a littafin likitanci, ɗan ƙasar a littafin tarihin ƙasarsa. Sannan ka saurari ɗanɗanon 'yan mintunan da ake bayarwa kyauta, domin muryar da za ka zauna da ita awa ashirin ba wanda zai zaɓa maka. Ingancin abin da ke ciki kuma, nemi abin da masana suka rubuta a kan littafin na takarda.

Akwai irin wannan da Hausa?

Al'adar sauraron littafi ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Rediyon Kaduna ya daɗe yana karanta littattafai a shirin Shafa Labari Shuni, kaset ɗin karatun malamai ya cika kasuwanni kafin ya koma memori, yanzu kuma tashoshin YouTube suna karanta littattafan Hausa dare da rana. Sai dai mafi yawan abin da ake karantawa ƙagaggun labarai ne da karatun addini. Tarihin Sakkwato da Barno, labarin dambe da kokawa, bayanin zazzaɓin cizon sauro, duk suna jiran mai murya. Wanda zai yi ya nemi izinin marubuci tukuna, domin littafi dukiyar mai shi ne.

Kuɗi da data fa?

Sauti mai matsakaicin inganci yana cin kusan megabait 29 a awa, don haka littafin awa 15 zai haura megabait 400. Sauke shi inda data ke da sauƙi, ka saurara ba intanet. Na kyauta akwai LibriVox, wanda Hugh McGuire ya kafa a Kanada a 2005, inda 'yan sa-kai ke karanta tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare. Karatun wani ya yi kyau, na wani sai haƙuri, wani lokaci ma kowane babi da muryarsa. Ka kuma tuna tsofaffin littattafan tarihin Turawa a kan Afirka da idon zamanin mulkin mallaka aka rubuta su.

Kullum barci ke ɗauke ni, in farka littafin ya yi nisa. Me zan yi?

Manhajojin suna da agogon da ke kashe sauti da kansa. Sa shi a minti 15, in ya tsaya kana farke ka ƙara. Ni na taɓa kwanciya ana shirin yaƙi, na farka asuba an gama sulhu har an raba ƙasa, na yi rabin awa ina laluben inda na tsaya. Tun daga ranar tarihi ya koma na safe, kimiyya sai ina zaune da shayi. Na laifuka kuwa na daina sa su da dare, tun ranar da kyanwa ta ture kwano a tsakar gida ana tsakiyar bayanin yadda ɓarawon ya shigo ta taga.